Gimbiya Tsakanin Ƙagaggen Labari da Tarihin Ƙasar Hausa

Adabin Hausa ya fi nuna 'yar sarki ta fuska biyu: ko dai lada ce da ake bai wa jarumi, ko kuwa abar tsoro ce da ta fita daga sahun mata. Hujjar wannan maƙala ita ce, fuskokin nan biyu sun rufe abin da tarihi ya tabbatar, wato matan gidan sarauta sun riƙe iko ta hanyar muƙamai da tsare-tsaren da al'umma ta amince da su.

A tatsuniya, sarki kan sa gasa, wanda ya ci a ɗaura masa aure da gimbiya. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, maganar auren Sinaratu, 'yar Sarkin Sinari, ita ta haddasa yaƙi, amma sarakuna da wazirai ne ke ta ja-in-ja a kanta. Hatta Daurama, wadda ke mulkin Daura da kanta, labarin Bayajida ya mai da aurenta sakamakon kashe macijin rijiyar Kusugu.

Fuska ta biyu ita ce ta Sarauniya Amina ta Zazzau, 'yar Bakwa Turunku. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, ya ce ta yi shekara 34 tana yaƙi, har Sarkin Nupe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri, wasu masana kuma suna sa ta a ƙarni na 16. Goron da ganuwar da ake danganta mata suna nuni ne ga mai mulkin da ta san hanyoyin fatauci da tsaron gari. Amma abin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne wai takan kwana da namiji a duk garin da ta ci, ta kashe shi da safe. Irin wannan labari yana koya wa mai sauraro cewa mulkin mace ɓaraka ce.

Tsarin sarauta ya nuna akasin haka. A Gobir, Inna 'yar gidan sarauta ce mai fadarta, tana shugabantar mata da 'yan bori, kuma sarautar ta ɗore a Tsibiri ta ƙasar Maraɗi. Akwai Magajiya a Daura, a da kuma akwai Iya mace a Katsina da Zazzau. Bayan jihadi, Nana Asma'u (1793–1864), 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ta kafa tsarin 'Yan Taru: tana naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta ba su malfa, su kai karatu ga matan ƙauyuka ta hanyar waƙoƙinta. Ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa. Ba takobi ne ya ɗaukaka ta ba, ba kuma aure ba. Ilimi ne da iya tsara jama'a.

Gyaran wannan fahimta ba na masana kaɗai ba ne. Yarinyar da ta tashi da sanin gimbiya a matsayin lada ko dodo za ta ɗauka shugabancin mace baƙon abu ne a ƙasarta. Haƙƙi ne a kan marubuta da masu shirya fim su koma fadar Inna da zauren karatun Asma'u, domin a can ne labaran da ba a ba da ba tukuna suke.