Ɗarikar Angilika da Rikicin Auren Jinsi: Tarihin Wata Ɓaraka

Wannan maƙala za ta bi diddigin saɓanin da ya raba kan ɗarikar Angilika game da luwaɗi da maɗigo, domin a ga cewa tushensa tsohuwar tambaya ce, watau, wa ke da ikon yanke hukunci idan an sha bamban wajen fassara Littafi Mai Tsarki?

Tun da Sarki Henry na VIII ya raba Ikilisiyar Ingila da Roma a 1534, ɗarikar ba ta da Paparoma. Kowane lardi yana cin gashin kansa, Akbishop na Kantabare kuwa girmamawa kawai yake da ita, ba ya iya tilasta wa kowa. Taron Lambeth na farko ma, wanda bishop 76 suka halarta a 1867, yana da nasaba da gardamar da ra'ayoyin Bishop John Colenso na Natal suka tayar kan littattafan Attaura. Shawara taron ke bayarwa, ba ya kafa doka.

A ƙarni na 20 mabiya suka ragu a Turai, suka yawaita a Afirka. An ga tasirin haka a Taron Lambeth na 1998, inda aka zartar da ƙuduri mai lamba 1.10 da ƙuri'a 526, a kan 70 da suka ƙi. Ƙudurin ya ce aikata luwaɗi bai dace da nassi ba, amma ya yi kira da a saurari masu wannan hali, a kuma kula da su.

Bayan shekara biyar, a 2003, Ikilisiyar Episkofal ta Amurka ta naɗa Gene Robinson bishop na New Hampshire, alhali yana zaune da abokin zama namiji a fili. Magoya bayansa sun kafa hujja da cewa ikilisiya ta taɓa sake fahimtarta game da bauta da matsayin mata. Masu adawa, ciki har da Akbishop Peter Akinola na Nijeriya, suka ce nassi a bayyane yake, zamani ba ya shafe shi. A 2005 Ikilisiyar Nijeriya ta cire ambaton alaƙa da kujerar Kantabare daga tsarin mulkinta. A 2008 aka kafa ƙungiyar GAFCON a Urushalima, bishop-bishop na Nijeriya da Yuganda da Ruwanda kuma suka ƙaurace wa Taron Lambeth na shekarar.

Abin lura, 'yan Arewacin Nijeriya biyu sun riƙe manyan muƙamai a ɓangarorin biyu: Josiah Idowu-Fearon, tsohon bishop na Kaduna, ya zama babban sakataren ɗarikar daga 2015 zuwa 2022, Benjamin Kwashi na Jos kuma ya zama na GAFCON a 2019. Da majalisar Ikilisiyar Ingila ta amince da addu'ar sa albarka ga ma'aurata 'yan jinsi ɗaya a 2023, sai taron GAFCON na Kigali ya ce ya daina amincewa da jagorancin Akbishop Justin Welby.

Ashe ke nan, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar tana nan tun 1867. Batun jinsi faɗaɗa ta ya yi. Wanda zai nazarci wannan rikici, tilas ya fara da tsarin shugabancin ɗarikar.