Ma'aunin Minna da Gaɓar Tafkin Kainji

A 1928 ma'aikatan safiyo na zamanin mulkin mallaka suka zaɓi wani wuri a Minna mai lamba L40, suka mai da shi tushen da ake auna ƙasar Najeriya daga gare shi. Lissafinsu ya dogara ne da siffar duniya kamar yadda Bature Clarke ya ƙiyasta ta a 1880. Taswirorin gwamnati na Yawuri da Ngaski a kan wannan ma'auni aka zana su.

Da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsohuwar Busa da tsibirai da dama na Gungawa, aka tayar da mutane sama da 40,000. Baya ga tunanin dattawa, waɗancan taswirori ne suka rage suna nuna inda ƙauyuka da gonaki suke a da.

Sai dai wayar hannu ba ta san Minna ba. Tana aiki da WGS84, ma'aunin Amurka da ya ɗauki tsakiyar duniya a matsayin tushe. Wanda ya kwafi lambobin tsohuwar taswira ya zuba a waya bai sauya ma'auni ba, zai tsaya mita gommai nesa da inda ya nufa. Mafi muni shi ne rikita salon rubutu: 10°30′ daidai yake da 10.5, wanda kuwa ya rubuta 10.30 ya kauce da kilomita 22.

A gaɓar Wara, inda ruwa ke janyewa ya dawo kowace shekara yana shafe alamun iyaka, mita gommai sun isa su jefa gonar mutum cikin ta maƙwabcinsa.