Daga Lalita Zuwa OTP: Tarihin Makullan Da Ke Tsare Kuɗinka A Waya

Yau ba saitin waya za mu yi ba, ba kuma wata manhaja zan ce ka sauke ba. Tarihi za mu taɓa, amma wanda ya shafi aljihunka kai tsaye.

Ka tsaya gaban mai POS a bakin kasuwar Dutsin-Ma, ka miƙa kati, ka danna lamba huɗu, kafin ka mayar da katin aljihu alat ya shigo. Ko kana zaune a Kurfi ka tura wa ƙaninka da ke karatu a FUDMA kuɗin abinci da ƙaramar waya. Abin bai kai minti ɗaya ba. Sai dai a hanya akwai abubuwan da ke ba ka haushi: PIN, OTP, iyakar abin da za ka tura a rana, yau a ce kawo BVN, gobe a ce kawo NIN. To ka sani, kusan kowanne daga cikinsu sai da aka yi wa wasu sata sannan aka kawo shi.

A zamanin iyayenmu, wanda ya sayar da sa ko buhunan gero, kuɗinsa a lalita yake zuba su ya ɗaure a ƙugu. Tsoronsa ɗaya ne, hanya. Shi ma banki abin da ya sani ke nan: ƙofar ƙarfe da ɗan sanda a bakin get.

Babbar satar da ta ɓata sunan Najeriya a harkar banki ba ta kutse ba ce. Tsakanin 1995 da 1998 Emmanuel Nwude da abokansa sun yaudari wani darakta na bankin Banco Noroeste na ƙasar Birazil, suka jawo wa bankin asarar dala miliyan 242 da sunan kwangilar filin jirgin sama a Abuja, filin da babu shi. Takardun bogi da daɗin baki kawai suka yi amfani da su. Irin wannan ta'asa ta 419 na cikin abin da ya sa a 2001 hukumar FATF mai sa ido kan halatta kuɗin haram ta saka Najeriya a jerin ƙasashen da ba sa ba da haɗin kai. A 2003 EFCC ta fara aiki ƙarƙashin Nuhu Ribadu, a 2005 kotu ta ɗaure Nwude. Ka riƙe wannan labarin, za mu dawo kansa.

GSM ta shigo a 2001, kamfanin Interswitch ya fara haɗa na'urorin bankuna a 2002, sannan garambawul ɗin Charles Soludo ya mayar da bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005. Daga nan ATM ta bazu. Amma katin wancan lokaci baƙin layin nan da ke bayansa kaɗai gare shi, kuma bayanan da ke cikin layin ba sa canzawa, kamar kaset ne. Ɓarawo ya maƙala 'yar na'ura a bakin ATM, ta kwafe layin, ya leƙa PIN ɗinka, ya buga wani katin. Naka na aljihunka, ana cire maka kuɗi a Legas. Mutane da yawa suka riƙa ƙin karɓar kati, kuma ba su yi laifi ba.

Maganin da Babban Bankin Najeriya, CBN, ya kawo shi ne tilasta wa bankuna komawa kati mai cip a 2010. Ɗan ƙarfen nan mai ruwan zinare ƙaramar kwamfuta ce, duk cinikin da za a yi sai ta ƙirƙiro sabuwar lambar sirri wadda ba ta sake amfani. Ko an kwafi ta jiya, ba ta aiki yau. Kwafar kati ta yi ƙasa sosai. A ganina, cikin duk dokokin da za mu ambata babu wadda ta yi aikinta tsaf kamar wannan, domin ba ta dogara da wayon mai kati ba.

Sai sauri ya zo da tasa matsalar. A 2011 NIBSS, cibiyar da bankuna ke bi su biya junansu, ta fito da tiransifa ta nan-take. A Janairun 2012, zamanin Sanusi Lamido Sanusi, aka fara tsarin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas, ya iso Kano a Yulin 2013, shekarar da aka fitar da ƙa'idar wakilan banki, wato tushen sana'ar POS da matasanmu ke ci da ita yanzu. Da can cek sai ya kwana kafin ya faɗa, akwai lokacin da za a gano ƙarya. Yanzu kuɗin sata cikin minti biyar sun rabu zuwa akawun goma. Su wane ne masu akawun ɗin? Mutum ɗaya ne, Musa a wannan banki, Emeka a wancan.

Dalilin BVN ke nan, wadda aka ƙaddamar ranar 14 ga Fabrairu 2014: lamba 11 da ke ɗaure da zanen yatsunka da hotonka, ɗaya tak a duk bankuna. Wanda ya bi layin yin ta a 2015 ya san an sha wuya. A shekarar ce kuma Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar laifukan intanet, CBN kuma ya umarci kowane banki ya buɗe teburin yaƙi da damfara, wanda zai iya kiran wani banki a daskarar da kuɗin sata kafin a kwashe.

A Fabrairun 2016 wani abu ya girgiza bankunan duniya. Masu kutse sun shiga kwamfutocin Babban Bankin Bangaladash, suka aika umarnin fitar da kusan dala biliyan ɗaya daga asusunsa na Amurka. An tare mafi yawa, wani ma saboda kuskuren rubuta kalma ɗaya, amma dala miliyan 81 sun tsere zuwa Filifin. In za a shiga babban banki na ƙasa guda, wa ya tsira?

A Oktoban 2018 CBN ya fitar da kundin tsaron intanet na bankuna, ya fara aiki ranar 1 ga Janairu 2019. Tushensa auna haɗari ne. Ma'ana, ba makulli ɗaya ake sa wa rumbu da akurkin kaji ba. Banki zai lissafa duk abin da yake da shi, na'urori, manhajoji, bayanan mutane, ya tambayi kansa: wanne ne in aka taɓa za mu durƙushe, ta ina za a iya shigowa, nawa za a yi asara? Sai ya zuba kuɗin tsaro inda haɗarin ya fi girma. Kundin ya wajabta naɗa babban jami'in tsaron bayanai, ya ɗora alhakin a wuyan hukumar daraktoci ba a kan yaran sashen kwamfuta ba, ya ce a riƙa hayar ƙwararru su gwada fasa tsarin da gangan, in an kawo hari kuma a sanar da CBN cikin awa 24. Ƙananan bankuna irin na maikurofainans nasu kundin ya fara aiki a Janairun 2023.

Da bankin ya yi wuyar shiga, sai ɓarawo ya dawo kan layinka. Dalili kuwa, layin nan shi ne ke karɓar alat, shi ke karɓar OTP, da shi ake tiransifa ba tare da data ba. Wanda ya fizge maka waya a tasha ba wayar ce ta dame shi ba, sim ɗin zai zare ya sa a wata. Wasu ma ba sa buƙatar wayar, walkam bak za su je su yi da sunanka, kai dai ka ga sabis ya ɗauke. Shi ya sa a 2018 CBN ya ƙayyade tiransifar USSD a naira 100,000 a rana, abin da ya haura 20,000 kuma sai da ƙarin shaida bayan PIN. Haɗa layi da NIN da aka fara a Disambar 2020, lokacin Isa Ali Pantami yana ministan sadarwa, shi ma ya sa walkam bak da sunan wani ya ƙara wuya.

Amma akwai haɗarin da mu mutanen nan muka sani fiye da masu rubuta kundi a Abuja. A Satumbar 2021 aka katse sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Dutsin-Ma, Kurfi, Safana, Batsari da Ɗanmusa. Sai wajen Disamba ya dawo. Babu wanda ya yi kutse, babu wanda ya saci sisi, amma kuɗinka na banki ba ka isa ka taɓa su ba. POS ta zama kwalliya. Masana tsaro suna cewa abu uku ake karewa: sirri, sahihancin bayani, da samuwar abu lokacin da ake buƙatarsa. Na ukun ne ya faɗi a kanmu, kuma da ya faɗi ya ja na farko. Na ga dattawa da mata suna ba mai tafiya Katsina katinsu, PIN a rubuce a 'yar takarda, ya ciro musu. Me za su yi? Abin da ke damuna shi ne, da yawansu har yau wannan PIN ɗin suke amfani da shi.

Canjin kuɗi na farkon 2023 ya tura sauran jama'a cikin waya da ƙarfin tsiya. Manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarewa, OPay, Moniepoint da PalmPay suka samu kasuwa, har mai ƙosai ta fara karɓar tiransifa. Alat na bogi ya yawaita, haka akawun da ake buɗewa da lambar waya kawai. A Disambar 2023 CBN ya ce ko ƙaramin akawun sai da BVN ko NIN, a Afrilun 2024 kuma ya dakatar da waɗannan kamfanoni da Kuda daga ɗaukar sababbin kwastomomi har zuwa Yuni. Ba kowace doka ce ta zauna ba. A Mayun 2024 an umarci bankuna su riƙa cire harajin tsaron intanet na kashi 0.5, wato naira 500 a tiransifar 100,000. Jama'a suka yi ca, aka janye.

Yanzu mu koma kan Nwude. Bayan shekara kusan 30, da cip da BVN da kundi, hanyar da ta fi ci har yau ita ce tasa: a kira ka. "Daga banki ne, za a rufe BVN ɗinka." Ko tallafin gwamnati ya fito, karanto lambar da ta shigo maka. Yana iya faɗa maka cikakken sunanka da ranar haihuwarka, wannan ba shaida ba ce. Nan kuma dokokin suka bar ka kusan kai kaɗai. In tsarin banki aka fasa, asarar ta banki ce. In kai ka karanto OTP da bakinka, abin da za a nuna maka shi ne an shiga da lambobinka daidai. Inshorar NDIC ma, da aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta ranar da banki ya rushe ce, kamar yadda aka biya masu ajiya a Heritage Bank a Yunin shekarar. Ba ta biyan wanda aka damfara.

Abin da ya rage a hannunka lokaci ne. In abin ya faru, kada ka jira safiya ka tafi reshe, kira layin bankin a daren, teburin damfarar nan na 2015 don haka aka yi shi. Ka karɓi lambar ƙorafi, in an yi mako biyu ba bayani kana da damar kai ƙara sashen kare masu hulɗa da banki na CBN. Yawancin bankuna suna da lambar da za ka danna a wayar kowa ka kulle akawun ɗinka, ka tambayi taka ka rubuta a takarda a gida, ba a cikin wayar da za a sace ba.

Sannan ka shiga saitin tsaro na wayarka ka sa wa sim ɗin kansa PIN, daban da na buɗe waya. Duk wanda ya zare shi ya sa a wata waya sai ya nemi lambar. Kafin ka fara dai ka nemo kwalin sim ɗinka mai ɗauke da PUK, domin in ka yi kuskure sau uku layin zai kulle, sai da ita zai buɗe.