Kwalba ta Biyu: Yadda Haɗa Turare Ya Shiga Ɗakin Gwaji

A cikinmu akwai waɗanda suka taɓa sayen humra ko turaren wuta a hannun mai haɗawa, ƙamshin ya kwanta musu, da ya ƙare suka koma suka sayo wani, sai suka ji ya ɗan sauya. Sau da yawa ba ha'inci aka yi musu ba. Itacen bana ne ya bambanta da na bara, ko kuma hannun mai zubawa ya ɗan yi nauyi. Wannan matsala ta kwalba ta biyu ita ce ta kai sana'ar turare ɗakin gwaje-gwaje, kuma tarihinta za mu bi yau.

Mu fara da Bagadaza a ƙarni na 9. Akwai littafi kan haɗa turare da tatso shi ta hanyar tururi da ake jingina wa masani al-Kindi, mai ɗauke da haɗi fiye da 100. Abin lura a littafin shi ne bai tsaya ga koyar da haɗi ba, har da yadda ake kwaikwayon kaya masu tsada irin su almiski da ambar da kaya masu araha. Ke nan tun a lokacin an san algus, kuma mai saye ba shi da abin dogaro sai hancinsa.

Dalilin algus ɗin tsada ce. Kafin a samu kilo 1 na man wardi sai an dafa furen da ya kai tan 3 zuwa 4. Almiski daga jikin wata ƙaramar barewa ta duwatsun Asiya ake cire shi, galibi sai an kashe ta. Jibda, wadda kakanninmu suka san turarenta, kaɗan-kaɗan ake kankaro shi daga jikinta. Saboda haka 'yan kasuwa suka riƙa sirka man wardi da man wasu tsirrai masu kama da shi a hanci. Ko babu algus ma, ruwan sama da rana da irin ƙasar gona suna sauya ƙamshin fure daga shekara zuwa shekara.

Sauyin ya zo ne daga masana sinadarai na Turai. A 1868 William Perkin na Ingila ya haɗa kumarin, sinadari mai ƙamshin busasshiyar ciyawa, ba tare da ya taɓa tsiro ba. A 1882 Paul Parquet ya saka shi a turaren Fougère Royale na kamfanin Houbigant a Faransa. A 1888 Albert Baur yana neman haɗa nakiya mai ƙarfi sai ya faɗa kan wani sinadari mai ƙamshin almiski. Amfanin waɗannan kaya ga mai haɗa turare a fili yake: wanda aka yi yau daidai yake da wanda za a yi baɗi, don haka ana iya rubuta haɗi da giram-giram a kuma maimaita shi.

Turaren Chanel No. 5 na 1921 ya nuna inda aka kwana. Ernest Beaux, haifaffen Mosko da ke aiki a wani ɗakin gwaji kusa da Cannes a kudancin Faransa, ya haɗa yasmin da wardi da wasu sinadarai da ake kira aldehaid, ya kai wa Gabrielle Chanel samfura masu lamba. Kamar yadda shi kansa ya ba da labari daga baya, na biyar ta zaɓa. Daga ranar aiki ya koma na riƙon amana, wato kowace kwalba ta fito da ƙamshin wancan samfuri. Shi ya sa a 1987 kamfanin ya ƙulla yarjejeniya da manoman fure na yankin Grasse, don kada yasmin ɗin wurin ya yanke masa.

Saura hanyar gane abin da ke cikin kwalba. A 1926 Leopold Ruzicka a Siwizalan ya bayyana sigar sinadaran da ke ba almiski da turaren jibda ƙamshinsu, aikin da ya taimaka masa samun kyautar Nobel a 1939. Sai a 1952 Archer Martin da Anthony James a Landan suka fito da dabarar rarrabe sinadarai, wadda ake kira kuromatogirafi na iska. Ana ɗiga turare a na'ura, zafi ya mayar da shi tururi, ya bi ta wani dogon siririn bututu. Kowane sinadari da saurin tafiyarsa, don haka ɗaya bayan ɗaya suke fitowa, na'ura tana zana tsini ga kowanne. Da wannan aka ga cewa man wardi kaɗai yana da sinadarai fiye da 300, asirin mai sirki kuma ya fara tonuwa.

Bayan haka tambaya ta koma kan lafiyar fata. Masu sana'ar sun kafa cibiyar bincike ta RIFM a Amurka a 1966, da ƙungiyar IFRA a Janiba a 1973, wadda ke fitar da iyakar abin da za a zuba na kowane sinadari. Ɗaya daga cikin almiskin roba na zamanin Baur, mai suna ambret, an hana shi bayan an gano yana sa fata ƙuraje idan rana ta taɓa ta, yana kuma cutar da jijiyoyin dabbobin gwaji. Kowane hani irin wannan yana tilasta wa mai haɗi ya sake tsohon turare da sabbin kaya, ba tare da mai saye ya ji bambanci ba.

A yau ga yadda aikin yake tafiya. Ana auna kowane sinadari a sikeli bisa rubutaccen haɗi, a bar man ya kwana biyu ya haɗu, a narkar da shi cikin alkohol ya yi makonni, a sanyaya shi a tace. Sai a duba launinsa, da nauyinsa in an gwada da na ruwa, da yadda yake karkatar da haske, a kuma ɗora zanen na'ura kan na samfurin da aka adana. Wasu kwalaben a ajiye su cikin zafi, wasu a gaban haske, a ga ko za su juya. Daga ƙarshe a tsoma siraran takardu guda uku, biyu daga kwalba ɗaya, ɗaya daga wata, a miƙa wa ƙwararrun masu sunsuna. In suka iya ware bare a ciki, sabon haɗin bai wuce ba, ko da lissafin na'ura ya yi daidai, domin hanci yana kama wasu sinadaran da ƙanƙantarsu ta sa da ƙyar suke bayyana a zane.

Don haka duk wanda zai saka mai haɗa turare a labarinsa, ya ba shi sikeli da littafin haɗi da tsohuwar kwalbar da yake gwada sabuwa da ita. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.