Yadda ake zaɓen takalmin shiga daji

Takalmin shiga daji, wanda mafarauta da masu hawan duwatsu ke sakawa, ƙafa-ciki ne mai dogon wuya da ke rufe idon sawu. Yana kare ƙafa daga ƙaya da gurɗewa, yana kuma rage haɗarin saran macizai irin su kububuwa, waɗanda galibi a ƙafa suke sara.

Sai dai komai tsadar takalmi, idan bai dace da ƙafa ba, wahala ce aka saya. Matsattse yana haddasa bororo da mutuwar farce, wanda ya yi yawa kuma yana goge dunduniya.

Saboda haka da yamma ya kamata a gwada shi, domin ƙafa takan ɗan kumbura bayan zirga-zirgar yini. A gwada ƙafafu biyun, sanye da safar da za a shiga daji da ita. Kada a dogara ga lamba kaɗai, domin 42 na wani kamfani kan bambanta da na wani. A bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaban yatsu. Bayan an ɗaure igiya, a sauka daga matakala: idan yatsu suka tokare gaba, takalmin ya yi kaɗan.

Takalmin fata ya fi jure ƙaya da dutse. Na roba ya dace da fadama lokacin damina, amma yana tara gumi. Sabon takalmi kuwa, a riƙa yawo da shi a gari na wasu kwanaki har ya saki kafin a yi doguwar tafiya.