Gala

gala (suna, mace, ba kasafai ake jam'inta ba). Aro ce daga Ingilishi, wanda shi ma ya karɓo ta daga Faransanci.

1. A wajen Turawa, ƙasaitaccen biki na dare da ake shiga da katin gayyata, a ci ado, a ci abinci, a yi rawa, galibi don tara kuɗin wata hidima. Wadda ta fi suna ita ce Met Gala ta birnin New York, da aka fara a 1948.

2. A Katsina da Kano, wasan dare da ake biyan kuɗin ƙofa, samari da 'yan mata su hau dandamali suna rawa da mamin waƙoƙin finafinan Hausa, 'yan kallo na yi musu liƙi. Wannan ma'anar ce ta zauna a bakin jama'a, kuma ba ta da farin jini wajen iyaye da malamai. Kiran yarinya 'yar gala zagi ne. Misali: "Yaya, kiɗan nan na wajen Ƙofar Ƙaura fa?" "Gala ake yi, rufe taga ki kwanta."

Daga ita: gidan gala, ɗan gala, 'yan gala. Dubi ajo, dina, kalankuwa. Galar da ake ci kuwa, wadda ake tallarta a tasha, sunan kaya ne kawai.