Aguwa, tsohuwar shaidar gona a ƙasar Safo

Yau tarihin wani icce za mu taɓo, wanda kowa ke wucewa bai ko dube shi ba: aguwa, wadda wasu ke ce ma aliyara.

Kafin a san takardar gona ko tambarin hukuma, aguwa ita ce shaida. In magidanci ya sari daji, sai ya jera ta a iyaka da bakin burtali. Shanu ba su cin ta saboda farin nonon nan nata, mai sara kuma sai ya kiyayi idonsa. Shinge ne da ba ya son ban-ruwa, da rani ya zubar da ganye ya tsaya kamar ya mutu, damina na sauka ya farfaɗo. In gardama ta tashi tsakanin magada, tsofaffi su bi layin aguwa, magana ta ƙare.

Masana na kiran ta Euphorbia balsamifera, kuma tana fitowa tun daga tsibiran Kanari har kudancin ƙasar Larabawa. Turawa ma 'yan uwanta suke renowa cikin tukwane don ado. To, mu dai ba don ado muka san ta ba.

Bayan farin 1973 da yunwar 1984, wadda muke ce ma El Buhari, aka koma neman duk abin da zai riƙe ƙasa. A wajen Buza, jihar Tawa, an dasa ta don tsai da rairayi mai binne gonaki. Mu nan Maradi abin da ya fi yin suna shi ne sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma cikin gona, aikin da Tony Rinaudo na SIM ya soma a 1983. Sai dai jama'a ta ƙaru, gonaki suka tsuke, wani ya tumɓuke shinge don ya ƙara kunya biyu, burtali ya dinga shiga gona. Mun san abin da ya faru a Toda, wajen Gidan Runji, a watan Oktoba 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rai sama da ɗari. Dokar karkara ta 1993 ta kawo kwamitocin filaye, daga baya aka kakkafa turakun siminti a wasu burtalai. Sun taimaka, ba mu musu. Amma turke yana nuna iyaka ne kawai, ba ya tare saniya.

Dashenta kuwa ba wuya. Da bazara ake saro reshe mai ƙwari kamar kamu guda, a bar shi a inuwa kwana kaɗan har bakin ya bushe, sannan a kafa shi kusa-kusa kafin ruwan shuka. A fadamar Gulbi inda ruwa ke kwanciya ruɓewa take, ta fi son jigawa.